ZAUREN 'YAN MATA: Karatun Hulɗa Da Jama'a Ba Roƙo Ba Ne

 

A wannan fitowar wasiƙa ɗaya ce ta hana ni sukuni. Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Roni. Ta yi digirinta, ta gama bautar ƙasa, har ta sami gurbin digiri na biyu a fannin hulɗa da jama'a a Jami'ar Bayero ta Kano. To amma wanda aka sa musu rana da shi ya kafe, wai wannan aikin maroƙa ne, ko na 'yan matan da ake zaunarwa a bakin ofis suna yi wa kowane namiji murmushi. Ya ce ta zaɓa, ko shi ko karatun. Ta ce kullum sai ta jiƙa matashinta da hawaye.

Haba 'yar'uwa, share hawayenki. Ni dai kin san iyakacina sakandare, amma matambayi ba ya ɓata. Na bi masana na tambaya, ga abin da na samo miki.

Maroƙi yana wasa wanda ya ba shi ne, ko da mutumin banza ne. Ita kuwa jami'ar hulɗa da jama'a tana tsaye ne tsakanin ma'aikata da mutane. Takan kai musu bayanin ma'aikata, ta kuma ɗauko kukansu ta kai wa shugabanni, ko da ba zai yi musu daɗi ba. Tun 1906, da jirgin ƙasa ya yi haɗari a Amurka mutum fiye da 50 suka mutu, wani mai suna Ivy Lee ya shawarci kamfanin jirgin da ya fito ya faɗa wa 'yan jarida gaskiya maimakon rufa-rufa. Ana lissafa shi cikin iyayen wannan sana'a. A nan gida kuma akwai cibiyar masu sana'ar, wato NIPR, wadda aka kafa a 1963, kuma dokar soja mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi musu rajista da sa ido a kan ɗa'arsu. Kin taɓa jin an yi wa roƙo doka irin wannan?

A digiri na biyu ana koyar da matakai huɗu. Ki fara bincike ki san abin da ke ran mutane, ki tsara abin da za a yi, ki isar da saƙo ta hanyar da ta dace, sannan ki auna ki ga ko ya shiga. Akwai darasin rubuta sanarwar 'yan jarida, da na kwantar da tarzoma idan ma'aikata ta shiga rikici, a ƙarshe kuma ki rubuta kundin bincikenki.

Ga misali a ƙofar gidanmu. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da allurar shan-inna a Kano, ba a dawo da ita ba sai a watan Yulin 2004. Magani yana nan, yarda ce babu. Sai da aka zauna da malamai da sarakuna, aka saurari tsoron iyaye, daga baya aka tura mata gida-gida. Ku 'yan Babura da Gwiwa da Kazaure ai kun san matan nan masu shuɗin hijabi da ke shiga har tsakar gida, inda aka rubuta wa namiji "ba shiga". A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Tsara irin wannan aiki shi ne abin da kike shirin karantawa, kuma wa ya fi mace sanin abin da ke ran mace?

Saboda haka jarrabawarki ta farko a gida take. Kada ki yi fushi, kada kuma ki ɓoye masa komai, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki tambaye shi cikin ladabi, mene ne ainihin abin da yake tsoro? Zaman Kano ne? Cuɗanya da maza ce? Ko dai gudun kada ki fi shi takarda ki raina shi? Kowanne da maganinsa. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Ki nuna masa jerin darussan ya gani da idonsa, ki kuma nemi yayanki ko wani kawunki da yake jin nauyinsa ya zauna da shi. Idan an yi duk wannan ya ce sam, to ki sanar da iyayenki tun kafin a shafa fatiha, a yi magana a fili. Abin da ba a warware a waje ba, da wuya ya warwaru a ɗaki. Ki yi istihara, Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.

Ku kuma ƙannena da ke aji biyar da aji shida, hanyar a buɗe take. Ku dage ku ci darussa biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan JAMB. A 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta raba karatun aikin jarida gida bakwai, hulɗa da jama'a na ɗaya daga ciki. Digiri shekara huɗu, bautar ƙasa shekara ɗaya, sai digiri na biyu. Wadda ta bi ta kwalejin fasaha ta yi babbar difloma, sai ta fara yin diflomar gaba da digiri tukuna. Da nisa kam, amma sannu ba ta hana zuwa.

'Yar'uwata ta Roni, ina jiran wasiƙarki in ji yadda kuka ƙare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.