Fim Ɗin Wasila Da Hukuncin Zargi



A wannan mako za mu waiwayi wani wasan kwaikwayo da ya daɗe da fitowa, amma darasinsa bai tsufa ba, watau Wasila, wanda Yakubu Lere ya shirya a shekarar 2000. Ali Nuhu ne ya fito a matsayin Jamilu, Wasila Isma'il kuwa ta fito a matsayin matarsa. Labarin gajere ne: matar aure ta ci amanar mijinta da tsohon saurayinta, asiri ya tonu, aure ya mutu, nadama ta biyo baya.

Wasila ya zo shekara guda bayan Sangaya, wanda ya ɗauko zancen ɗan sarki da 'yar aikin gida, ya kuma faɗo cikin shekarar da jihohin Arewa, har da Katsina, suka shiga ƙaddamar da Shari'a. A ƙarshen shekarar nan gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sa'an nan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Kasuwa dai ta karɓi Wasila hannu bibbiyu, amma ra'ayin jama'a kan irin waɗannan wasanni ya rabu biyu. Waɗansu suka ce gargaɗi ne ga ma'aurata, waɗansu kuwa suka ce tona abin da ya kamata a rufe ne a gaban yara.

To, mu abin da ya dame mu ba ya cikin waɗannan biyu. Abin da ya dame mu shi ne guzurin da mai kallo yake komawa gida da shi. Ku lura, mai kallon fim yana ganin kome: yana cikin ɗaki sa'ad da aka yi laifin, yana jin raɗar ƙawa mai zuga, yana ganin yadda kuɗin mai hali ke ruɗar matar talaka. Ba ya bukatar shaida, domin idonsa ya gani. Amma a zaman duniya ba haka abin yake ba. Abin da kan iso wa miji shi ne an ce, ka ce.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ɗan kasuwa yana Sheme yau, gobe Funtuwa, jibi Kano. Ma'aikaci an tura shi Katsina, iyali na gida, ga rashin tsaron hanya da ya sa ba kullum ake dawowa a kan lokaci ba. Mutumin da ke nesa da gidansa, ya kwana yana kallon cin amana a wayarsa, in aboki ya rage murya ya ce masa, “Alhaji, ka dai riƙa sa ido,” lalle Shaiɗan ya sami ƙofa. Saki na iya fita daga bakinsa alhali bai ga kome ba, 'ya'ya su tashi da tabon da ba mai wanke musu.

Shari'a kuwa ta tsananta a ɓangarorin nan biyu. Suratul Isra'i ta hana ko kusantar zina. Suratun Nur kuma ta ɗora wa mai jifan mace kamila nauyin kawo shaidu 4, in ya kasa a yi masa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa. Miji ma bai kuɓuta ba. In ya tuhumi matarsa ba shi da shaidu, sai li'ani: ya rantse sau 4, na biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake yi, ita ma ta rantse sau 4, na biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa, sa'an nan a raba su har abada, kamar yadda muke karantawa a Risala a zaurukanmu. Kada kuma mu manta, a cikin surar nan ne Allah Ya wanke Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, daga ƙagen da ya girgiza Madina, Ya kuma tsawata wa waɗanda suka yi ta yaɗa shi.

Saboda haka muna kira ga masu shirya fim, in sun nuna mace mai cin amana, su nuna mana kuma wadda aka yi wa ƙage da abin da ya sami mai ƙagen. Mu kuma magidanta, mu sauke haƙƙin ci da sha da sutura, mu yawaita leƙa gida, mu zaɓi abokan da za su faɗa mana gaskiya ba masu kawo tsegumi ba.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da na iyalanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.