Ra'ayinmu: A bar wa tsuntsayen Tabkin Saw wurin sauka

A biranen Turai da Amurka, hukumomi kan keɓe lambu a bakin ruwa, su kafa bencina, mutane su zo da madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye kawai. Ɗan kasuwar Dogondutsi zai ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma abin da suke kashe kuɗi a kai, mu Allah ya ba mu shi kyauta a Tabkin Saw, sai dai ba mu riƙe shi da daraja ba.

Jama'a, tsuntsu ma'aikacin kasuwa ne da ba ya karɓar lada. Shamuwa takan iso daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa cikin gari, ta yini tana cin fara da tsutsa a gonaki. Balbela ma haka take yi a bayan shanu. Duk farar da suka cinye, hatsi ne da wake suka tsira, kuma su ne gobe ƴar kasuwa za ta auna a tiya. Ungulu kuwa ita ce mai sharar mahauta. Yau a kasuwanni da dama sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba, saboda guba da masu farautar ta don haɗa magani. Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Duniya ta san darajar ruwanmu. A 2004 aka sa wani yanki na Dallol Mawri, kwarin nan da ya ratsa gundumomin Dutsi da Tibiri, cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A 2014 kuma Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda maras kauri da sayar da ita. Amma ledar da muke ƙulla wa mai saye gishiri da tattasai, iska da ruwan sama ke kwasar ta su zube a tabki. Ruwan da tsuntsu ya guje wa, shi ne masu lambu ke ban-ruwa da shi, kayan lambun kuma kan teburinmu suke dawowa.

Don haka muna kira ga magajin garin Dogondutsi da ya keɓe wani gefen tabkin, a dasa itatuwa, a sa bencina, a hana zubar da shara. Ma'aikatan gandun daji su tsawata wa masu harbi da ɗana tarko. Malaman lakwal su riƙa kai yara su koyi bambanta zalɓe da balbela. Ku kuma iyayenmu mata da ƴan kasuwa, ku roƙi mai saye ya zo da kwando ko kwanonsa. In wurin ya gyaru jama'a za su taru da marece, kuma inda aka taru, mai ƙosai da mai shayi ba su rasa ciniki.