KOWA YA RIƘE SIKELI, YA BUƊE LITTAFI

'Yan uwa talakawa na Madarunfa, da Ɗan Isa, da Gabi, da Jiratawa, ku saurara.

Akwai wata magana da ake yawan yi a kasuwa: wai kamfani ya iya aiki, gwamnati kuwa sai ɓarna. Wasu kuma su ce a miƙa wa gwamnati kome, a huta da cutar kamfani. Mu dai mun ɗanɗana duka biyu, ba labari aka ba mu ba.

A zamanin mulkin mallaka, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA su ke sayen gyaɗar ƙasar Maraɗi. Sikeli nasu, kuɗi nasu, akawu nasu. Manomi ya kai buhu, abin da aka faɗa masa shi ne nauyinsa. A 1962 gwamnatin Jori Hamani ta kafa SONARA, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. Sikeli ya sake hannu, amma littafi bai buɗu ga manomi ba. Da fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, talaka ne ya fara kwana da yunwa.

Ku dubi wayar tarho. A 2001 an sayar da mafi yawan SONITEL ga wasu kamfanonin Sin da Libiya, wai don aiki ya gyaru. A 2012 aka mayar da shi hannun gwamnati. An je, an dawo, talaka kuwa ko sau ɗaya ba a karanta masa lissafi ba.

Yau sikeli ya shiga cikin kwamfuta. Manhaja, wato tsarin da ke sa kwamfuta aiki, ita ke riƙe da lissafin ofis, da na asibiti, da na ƙungiyar manoma. Da, akan saye ta sau guda kamar garma. Tun 2013 kamfanin Adobe na Amurka ya koma ba da hayar manyan manhajojinsa wata-wata, kamfanoni da yawa kuma hanyar da suke bi ke nan. Garmar haya, ran da ka gaza biya, ranar za ka ajiye ta. In kuwa takardunka na shekara goma suna ciki, ina za ka? Mai ita ya ƙara kuɗi, ka biya kana gunaguni.

Kada ku ce abin na ƙasar matalauta ne. A Ingila, gidan waya na gwamnati ya ɗauki manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da ba a ci ba. Daga 1999 zuwa 2015 an hukunta masu riƙe da ƙananan gidajen waya fiye da 900, wasu har kurkuku. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Gidan waya ya kare manhaja, ya bar mutanensa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To, ina tushen cutar? Duk inda mai saye ba shi da wani wurin zuwa, ba a kuma nuna masa littafi, a nan ɓarna ke yin ƙiba, ko da tutar ƙasa a ƙofa, ko da allon kamfani. Bambanci guda ne, shi ma babba ne: magajin gari da ɗan majalisa kuɗinmu suke riƙe, muna da haƙƙin tsayar da su mu tambaya. Haƙƙin da ba a mora kuwa tsatsa yake yi.

Saboda haka kowane reshe, duk inda ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma za ta sayi manhaja, ya aika mutum biyu da tambaya uku. Nawa ne a shekara, har shekara nawa? Wa ya sa hannu? In mun fasa, za mu fita da takardunmu?

A karanta amsar da Hausa, ranar kasuwa, gaban jama'a. Wanda ya ƙi amsawa, ya riga ya amsa.