A Ceto Tsofaffin Zaurukan Birnin Zazzau

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi kira ga jama'ar Zazzau da hukumomin da abin ya shafa game da tsofaffin gidajenmu na ƙasa da azara, waɗanda ake ta rushewa ɗaya bayan ɗaya.

Ni mazaunin Tudun Wada ne, amma gidan kakanninmu yana cikin birni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an yi taron magada a gidan namu kwanan baya, aka kawo shawarar a rushe babban zaure a gina shaguna huɗu na bulo. Hujjar 'yan'uwana ita ce zauren ya tsage, kuma kowa na tuna abin da ya faru ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, lokacin da wani ɓangare na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ban ga laifin mai jin tsoro ba, domin rai ya fi gini. Amma na tambaye su, yaushe rabon da a hau rufin zauren nan a yi masa yaɓe? Aka yi tsit. Da muka lissafa, tun rasuwar baffanmu ba wanda ya hau, yau shekara goma sha ɗaya ke nan.

To, jama'a, nan matsalar take. Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, sakaci ne. Yaran yanzu gani suke laka ce kawai aka tara, ba su san ƙashin bayan ginin itace ba ne. Azara daga giginya ake tsago ta, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri, gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Shi ya sa magina suka ƙirƙiro dabara: su dasa azara a cikin bango, su ɗaura wata a kanta, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, a ce ɗaurin guga. Bango kuwa na tubali ne, gindi da kauri, yana sirancewa in ya yi sama. A waje a shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso da katsin marina, ruwa ya bi indararo ya zuba nesa da gindin bango. Duk wannan yana buƙatar a duba shi kowace shekara kafin damina, kamar yadda manomi ke gyara rumbu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu ganin gata suke yi wa gini in sun shafe shi da siminti. Siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe daga ciki, bakin azarar da ke cikin bango ya ruɓe. Daga waje fes, ciki kuwa ya gama lalacewa. Ranar da ya faɗi sai a ce ai ginin ƙasa ne.

Mu Zagezagi bai kamata a koya mana darajar wannan sana'a ba. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Shi kuma ake danganta wa ginin gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wajen 1860. Wannan gida tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa. A Jos ma, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya sa an gina kwafin masallacinmu a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Wato baƙo ya zo ya auna, ya zana, ya adana, mu masu abu muna neman katafila.

Na san akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, kuma ganuwar Zariya na cikin abubuwan da take karewa. Amma duk mai wucewa ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ya san abin da ya rage na ganuwar. Allo da rubutu ba ya hana ruwan Agusta. Kuma zauren talaka ko na wani tsohon gidan sarauta a lungu ba ya cikin kowane jeri, yana hannun magada ne, magada kuwa yawanci ashirin ne ko talatin, kowa na jiran wani ya fitar da kuɗin yaɓe.

A garin Jenne na ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari kan fito kwansu da kwarkwata su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, ga shi nan tsaye. A Ingila, ƙungiyar da ke adana tsofaffin gidaje ta fara ne da sayen wani gidan katako da ya kusa faɗuwa a 1896, a kan fam 10 kacal, ta gyara shi.

Saboda haka ina roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah Ya ja zamaninsa, da ya umarci masu unguwanni su ƙirga tsofaffin zauruka da soraye da suka rage a unguwanninsu. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, a tura ɗalibai tare da tsofaffin magina su duba kowanne. Wanda ya zama haɗari a fitar da mutane, a ɗauki hotonsa da awonsa kafin a sauke, a kuma ajiye azarar, kada ta ƙare a murhun masu tuyar ƙosai. Wanda zai gyaru, ƙaramar hukuma ta taimaka da kuɗin ƙasa da ladan magina sau ɗaya a shekara, bai kai kuɗin tayar motar shugaba ba. Sannan a haɗa kowane tsohon magini da yara biyu ko uku ana ba su ɗan alawus, domin wanda na samo ya duba mana zaure ya haura saba'in, kuma 'ya'yansa duk bulo suke yi.

Shi dai ya hau ya duba, ya ce azara uku ce ta ruɓe ta gabas, inda indararo ya karye, sauran lafiya lau. 'Yan'uwana sun ba ni wa'adi zuwa faɗuwar ruwan fari in kawo rabin kuɗin gyara, in ba haka ba a kira masu rusau. Na fara tarawa.

 

Naku mai karatu kullum,
Tudun Wada, Zariya.