Zaɓen Na'urar Numfashi Ga Mai Nutso A Teku

Tun shekarar 1943, lokacin da Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ɗauki wani bawul da Gagnan ya ƙera wa motoci masu aiki da gas, saboda ƙarancin fetur a Faransa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suka mai da shi na'urar da ke ba mai nutso iska daidai sa'ad da ya ja numfashi, mas'alar da ke gaban maƙera ɗaya ce: iskar da aka cusa cikin tukunya ta ninka matsin wadda muke shaƙa a tudu kamar sau 200, kuma wajibi ne a sassauta ta har ta dace da huhun ɗan Adam, alhali kowane mita 10 da ya ƙara nutsewa matsin ruwa na ƙaruwa a kansa. Hikimar da aka tsaya a kanta ita ce a raba aikin gida biyu: sashe na farko a bakin tukunya ya rage matsin zuwa kimanin ninki 10, tiyo ya kai iskar ga sashe na biyu da ke bakin mutum.

A sashen farkon nan ne saɓanin yake, kuma ra'ayina shi ne masu saye da yawa suna israfi, domin suna auna nagarta da tsada. Akwai sashen farko mai fistin, wanda kayan cikinsa 'yan kaɗan ne, mai jure wahala, mai sauƙin gyara, shi ya sa masu ba da hayar kayan nutso suke ƙaunarsa. Aibinsa, idan ba irin da aka daidaita ba ne, numfashi yakan yi nauyi yayin da tukunya ta kusa ƙarewa, kuma ruwa na shiga cikinsa tare da yashi da gishiri. Akwai mai faifan roba, wanda ya katange ruwa daga kayan da ke motsi, sai dai sassansa sun fi yawa, kuma kowane ƙarin sashe ƙarin aiki ne ga mai gyara.

Wanda zai nutsa a tafkunan Turai da hunturu, rufaffiyar na'ura, wadda ruwa ba ya shiga cikinta, farilla ce gare shi. Iska idan ta fita daga matsi takan yi sanyi ƙwarai, ta yadda a ruwan da bai kai digiri 10 ba ƙanƙara na iya taruwa a kan sifirin na'urar ta riƙe bawul a buɗe, sai ka ga kumfa na tasowa kamar tukunya na tafasa, iskar sa'a guda ta salwanta cikin 'yan mintoci. (A nan maƙera sun cancanci yabo, da suka tsara galibin na'urorin yadda in sun lalace za su zubar da iska maimakon su toshe ta.) Amma wanda nutsonsa bai wuce Bahar Maliya ba, wajen Fot Sudan, inda Cousteau ya kafa mazaunin ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi a 1963, mene ne hujjarsa ta biyan kuɗin kariya daga ƙanƙarar da ba zai taɓa gamuwa da ita ba?

Batun haɗawa da tukunya bai kai a daɗe a kansa ba: na DIN, da ake murɗawa ciki, ya fi riƙe zoben roba kuma yana ɗaukar matsin ninki 300, shi kuwa mai matsewa daga waje ya fi samuwa a wuraren haya.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara, domin zoben roba yakan tsufa, mazaunin bawul yakan ci, kuma masu ƙera sun shardanta a riƙa buɗe na'ura duk shekara ko shekara biyu. Kafin mutum ya miƙa kuɗinsa, ya tambayi mai kanti wa ke gyara irin wannan a garin da zai riƙa nutso, kuma ina kayan gyaranta suke; idan aka ce sai an aika Turai, ya duba wata.