Dukiyarmu Tana Mutuwa A Garke: Ina Matasan Da Za Su Karanci Lafiyar Dabbobi?

 

Wannan kira ne ga 'yan'uwana matasa na yankin Kura, Bunkure, Garun Malam da Rano, musamman waɗanda suka gama sakandare suna zaune a majalisa suna jiran abin da hali zai yi, da kuma waɗanda ke aji biyar da aji shida suna tunanin inda za su dosa. Maganar ita ce: akwai wani fanni na ilimi da yankinmu yake matuƙar buƙata, ƙofarsa a buɗe take, amma mun juya masa baya saboda raini da rashin sani. Wannan fanni shi ne aikin malamin dabbobi, wato ma'aikacin lafiyar dabbobi da ya yi karatun difloma.

Da farko dai mu dubi ni'imar da Allah Ya yi mana. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta kanal-kanal zuwa gonakinmu rani da damina, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kowa ya san mu da shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara. To amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk inda aka yi noma irin wannan, dabba tana biye. Tattakar shinkafa, dusa, harawa da karan masara duk abincin dabbobi ne. Shi ya sa da rani makiyaya suke kwararowa yankinmu, shi ya sa kuma da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tunkiya, akuya ko kaji ba. Ragon da ake turkewa domin Babbar Sallah, da bijimin huɗa, da akuyar da mahaifiyarka take kiwo domin kayan ɗakin ƙanwarka, su ne bankin talaka. Ranar da suka mutu, ranar asusun gidan ya rushe.

Sai dai ruwan nan da ya kawo arziki, ya zo da nasa jarrabawar. A bakin kanal da wuraren da ruwa ke kwanciya akwai wasu ƙananan dodon koɗi da tsutsar hanta take rayuwa a cikinsu. Dabba mai ciwon ta yi kashi a bakin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga nan ya fito ya maƙale a jikin ciyawa, wata dabbar ta zo ta ci. Sai ka ga saniya tana ci amma tana ramewa, nono ya ragu, ƙasan haɓarta ya kumbura, in an yanka mahauci ya tarar hanta ta lalace. Ban da wannan, haɗuwar garke da garke a mashaya ɗaya ita ke yaɗa ciwon huhu na shanu, da ɓauru, da annobar tumaki da awaki da ake kira PPR. Ga kaska, ga kuma dabbobin da ke faɗuwa saboda sun ci ciyawar gonar da aka yi wa feshi.

To, wa ke duba waɗannan dabbobi? A nan abin takaicin yake. Sau da yawa wanda ake kira shi ne mai tallan magani a kasuwa, wanda bai taɓa zama a aji ya koyi yadda jikin dabba yake ba. Kowace cuta allura ɗaya ce a wurinsa. Ba ya ƙiyasta nauyin dabba kafin ya ja magani, alhali da nauyi ake auna shi. Bai san cewa ba kowane maganin tsutsa ne ke kashe tsutsar hanta ba. Bai san cewa yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba, sai ya shanya su a rana a kan tabarma, ya sayar wa mutane ruwa. Bai san cewa bayan an yi wa dabba wasu alluran akwai kwanakin da ba a shan nononta, ba a kuma cin namanta ba. Sakamakon haka, makiyayi ya yi asarar kuɗi da dabba, ƙwayoyin cuta su saba da magani har ya daina aiki, mu kuma mu sha ragowar maganin a cikin fura da nono ba mu sani ba.

Kada wani ya ɗauka abin a kan dabba kaɗai ya tsaya. Tarin fuka da bakkale suna iya kama mutum ta hanyar nonon da ba a dafa ba. Haukan kare yana kashe mutum muddin alamunsa suka bayyana. Ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a 2023, yana kama wanda ya feɗe dabbar ko ya ci namanta. Murar tsuntsaye da ta fara bayyana a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a 2006, ta shigo Kano ta yi ɓarna, ta kuma dawo a 2015 ta durƙusar da masu gidajen kaji da dama. Ashe ke nan mai tsaron lafiyar dabba, lafiyar al'umma yake tsarewa.

Yanzu bari mu rarrabe tsakanin abu biyu da ake cakuɗawa. Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi shekara shida a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Maiduguri, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista. Shi ke da hurumin yanke hukunci a kan cuta mai rikitarwa da yin babbar tiyata. Malamin dabbobi kuwa shi ne hannun daman likita, yana aiki a ƙarƙashin kulawarsa. Shi ke shiga ruga da ƙauye, ya yi rigakafi, ya ba da maganin tsutsa, ya yi dandaƙa, ya wanke rauni, ya ɗebi jini ko kashi a kai ɗakin gwaji, ya taimaka wajen duba nama a kwata, ya kuma kai rahoto da zarar ya ga alamar annoba. Likitoci kaɗan ne, kuma akasarinsu suna birni. Saniyar da ta kwanta da daddare a wata ruga bayan Bunkure, wanda ke kusa ne zai cece ta.

Ga yadda hanyar take, don kada wani ya ce bai sani ba. Na farko, a galibi ana neman kiredit biyar a WAEC, NECO ko NABTEB, cikinsu har da Turanci, Lissafi, Kemistiri, da Bayoloji ko Kimiyyar Noma. Saboda haka ɗan'uwa da ke sakandare, kada ka gudu daga ajin kimiyya, wanda kuma ya faɗi Kemistiri ya daure ya sake zama. Na biyu, ka rubuta jarrabawar JAMB ka zaɓi kwalejin da ke koyar da Lafiyar Dabbobi da Kiwo. Na uku, za ka yi shekara biyu ka sami difloma ta ƙasa, wato ND, tare da watannin koyon aiki a asibitin dabbobi ko gona. Na huɗu, bayan shekara guda ta sanin makamar aiki, kana iya komawa ka ƙara shekara biyu ka sami babbar difloma, wato HND, wadda ake tafiya bautar ƙasa da ita. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin a wannan makaranta, domin takardar da ba a amince da ita ba takardar ƙunshe ƙosai ce.

Makarantun kuma ba a bangon duniya suke ba. A nan jiharmu akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. A Kaduna akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Mando, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A jihar Filato akwai Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da ke Vom, wadda ta faro tun 1941, tana maƙwabtaka da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da aka kafa a 1924, inda ake haɗa alluran rigakafin da ake yi wa dabbobinmu. Akwai irinta kuma a Ibadan. A waɗannan wurare za ka koyi sassan jikin dabba, ƙwayoyin cuta, aikin madubin gwaji, haɗa abinci, kiwon kaji, da yadda ake kama bijimi a kayar da shi ba tare da an ji wa kowa ciwo ba.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu: in na gama, ina aikin yake? Gaskiya ɗaya ce, kada ka yi karatun nan da nufin zaman jiran takardar ɗaukar aiki daga gwamnati. Aikin gwamnati yana nan, a asibitocin dabbobi, sassan aikin gona na ƙananan hukumomi, kwata-kwata da manyan kasuwannin dabbobi irin na Wudil da Dambatta. An kuma ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, ga shirin noma da kiwo na jihar Kano da Bankin Musulunci ya tallafa wa, wanda ya gudanar da rigakafin dabbobi a faɗin jihar. A Kadawa ma, nan kusa da mu, akwai cibiyar yi wa shanu barbara ta hanyar zamani. Amma guraben gwamnati ba za su ishi kowa ba. Babbar kasuwar tana wajen masu gidajen kaji da ke kewaye da Kano, da masu turke shanu da raguna, da masu tara madara, da kamfanonin abinci da magungunan dabbobi. Sama da duka, kai da ka fito daga gidan noman rani kana da abin da ɗan birni ba shi da shi: tattaka da dusa suna ƙofar gidanku. Ilimi ya haɗu da abinci mai araha, ai kiwo ya zama sana'a, ba caca ba.

Wasu za su ce, "Wannan ai aikin ƙazanta ne, in karatu zan yi gara in zama likitan mutane." Madalla da likitan mutane, muna buƙatarsa. Amma mu nawa ne muke samun gurbin? Shekara nawa wasu suka yi suna maimaita JAMB har suka haƙura suka koma zaman kashe wando? Kuma wace daraja ce ta fi a ce ta dalilinka garken maraya ya tsira? Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san dabbar da rashin lafiyarta ko ramarta ko gurguntarta ta bayyana ba ta isar wa layya, ya kuma san zakkar dabbobi sai an kai nisabi. Wanda ya tsare lafiyar garke yana da hannu a cikin waɗannan alherai, in niyyarsa ta yi kyau.

Wasu kuma za su ce, "Iyayenmu sun yi kiwo ba su je Vom ba." Haka ne, kuma makiyayi ya san dabba fiye da yadda ɗan makaranta yake zato. Malamin dabbobi na ƙwarai zai zauna ya saurare shi da ladabi. To amma a tambayi dattawan Fulani labarin bushiya. Wannan annoba ta sha share garkuna, ta sake dawowa ƙasar nan a 1983 ta mayar da masu shanu da yawa matalauta. Me ya kawo ƙarshenta? Allurar rigakafi ce, da ikon Allah, wadda ƙananan ma'aikata suka riƙa bi ruga-ruga suna yi shekara da shekaru, har aka yi shelar kawar da cutar daga doron ƙasa a 2011. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa gamawa da ita a duniya. Yanzu an sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan kawar da PPR, mai kashe awakin iyayenmu mata. Su wa za su yi wannan aiki a Kura da Bunkure in ba mu ba?

Sai dai ina gargaɗin duk wanda zai shiga, aikin nan amana ne. Dabba ba ta magana, mai ita kuma sau da yawa bai iya karanta abin da ke jikin kwalba ba, don haka ƙofar ha'inci a buɗe take wangame. Kada ka kira kanka likita alhali difloma gare ka. Kada ka tsarma magani da ruwa, kada ka sayar da wanda wa'adinsa ya wuce. Abin da ya fi ƙarfinka ka miƙa shi ga likita, ba gazawa ba ce. In ka ga alamar annoba ka sanar da ofishin dabbobi, ko da mai garken zai ji haushinka. Wanda ya yi karatu ya kuma ci amana, ya fi mai tallan kasuwa laifi, domin shi da saninsa ya yi.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye da su daina ganin difloma a matsayin karatun wanda ya rasa jami'a. Ina kira ga ƙungiyoyin manoman rani da masu hali na yankinmu da su ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya daga kowace mazaɓa, har da 'ya'yan makiyaya, waɗanda suka fi kowa sanin harshen ruga da halin saniya. Ku kuma 'yan'uwa matasa, wannan makon ku je asibitin dabbobi mafi kusa da ku, ku nemi izinin kallon yadda ake aiki, ku yi tambaya, sannan ku duba sakamakon jarrabawarku ku ga abin da ya rage muku. Da zaman banza gara aikin kishiya, balle wannan aiki ne na halal da al'umma take nema ido rufe.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya albarkaci nomanmu da kiwonmu, Ya kare mu da dukiyoyinmu daga annoba. Amin.