Daga Rumfar Kongo: Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Irin Gani?

 

Duk wanda ya saba zama a rumfunan 'yan yadi da teloli na Marché Congo bayan La'asar ya san yadda hira ke juyawa idan yaƙi ya ɓarke a wani wuri. A da rediyo muke kewayewa, mu ji BBC, mu ji Jamus, mu ji Muryar Amurka, sannan a buɗe gardama. Yanzu kuwa waya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu da hoton da aka ce tauraron ɗan'adam ya ɗauko: ga filin jirgin sama, ga wasu baƙaƙen tabo, a ƙasa an rubuta wai an ƙone jirage kaza. Wanda ya nuna shakka sai a rufe masa baki da cewa gani ya kori ji.

Wannan gardama ba ta shan iska ba ce kawai. Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya tashi a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma filin jirgin saman birnin na cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Akwai wani Alhaji a layinmu da ɗansa ke karatu a can. Aka kawo masa hotuna guda biyu. A ɗaya, jirage sun ƙone ƙurmus a inda ake ajiye su, har da babban jirgin fasinja na kamfanin Saudiyya da aka harba. A ɗayan, titin da jirage ke tashi yana nan shimfiɗe, ba a ga rami ba. Wasu suka ce, "Alhaji, ka ce wa yaro ya zauna, bayan Salla jirgi zai tashi." Wasu suka ce ya kama hanyar mota tun ba a rufe ta ba. Kun ga ke nan karatun hoto ya zama maganar rai.

To bari mu fara da abu mai sauƙi, wato gane jirgin. Daga sama ba a ganin rubutu sosai, siffa ake dubawa, kamar yadda Bafillace ke gane sarsa da ƙaho. Jirgin da ke da farfela huɗu, fiffikensa a miƙe, na ɗaukar kaya ne, irin C-130 da mu mutanen New Bell muka saba jin rugugin saukarsa. Sai dai An-12 ƙirar Tarayyar Sobiyat ma haka yake, shi ya sa ake auna tsawo. Mai inji huɗu ba farfela, wutsiyarsa kamar harafin T, galibi Il-76 ne. MiG-21 hancinsa a buɗe yake kamar bakin tulu, fiffikensa kusurwa uku. MiG-29 kuwa wutsiya biyu gare shi a tsaye, inji biyu, tsawonsa wajen mita 17.

Gane samfuri ba shi ne gane mai shi ba. A wannan rana ta 15 ga Afrilu dakarun RSF sun shiga filin jirgin Marawi, arewa da Hartum, suka yaɗa hotunansu a gaban wasu MiG-29. Sudan tana da wannan samfuri, Masar ma tana da shi. Tutocin ƙasashen biyu kuma duk ja da fari da baƙi ne. Bambancin shi ne ta Sudan tana da koren kusurwa a gefe, ta Masar tana da mikiya a tsakiya. Da masu lura suka dubi tutar da ke jikin wutsiya da irin fentin jiragen, sai ta tabbata na Masar ne, ga kuma sojojin Masar da aka kama a wurin, waɗanda aka sako bayan 'yan kwanaki. Hotunan sama da suka biyo baya sun nuna an lalata wasu daga cikin jiragen. Wanda ya karanta rubutun ƙasan hoto kawai, ai sai ya lissafa su cikin asarar Sudan.

Abu na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne auna ɓarna. A nan dattawanmu da suka yi fatauci ta Kuseri sun fi mu sani, domin sun ga zamanin yaƙin Cadi da Libiya. Gaddafi ya gina wani babban sansanin jirage a Wadi Dum, cikin hamadar arewacin Cadi, titinsa mita 3,800. Ranar 16 ga Fabrairun 1986 jiragen Faransa samfurin Jaguar suka taso daga Bangi suka zuba wa titin bama-baman da aka ƙera musamman don fasa titin jirgi. Su kansu Faransawan ba su wadatu da abin da matuƙansu suka faɗa ba. Bayan kwana biyu suka tayar da wani jirgin leƙen asiri, Mirage IV, tun daga Faransa, tafiya da dawowa wajen awa 11, ana ba shi mai a sararin sama, don kawai ya ɗauko hoton wurin a ƙirga ramuka. Mai jifa ma ke nan sai da ya je ya duba.

Ramukan suna nan kuwa. Amma tun kafin a ɗauki hoton, ranar 17 ga wata, wani Tu-22 na Libiya ya jefa bam a filin jirgin Njamena, wanda kogi ne kawai ya raba shi da Kuseri. Wannan jirgi ba ya ɓuya, injinansa biyu a baya suke, a ɗore gefe da gefen wutsiya. Hoton Wadi Dum bai nuna sauran sansanonin Libiya ba, kuma bai nuna motocin cike rami ba. Rami a titi aikin ƙasa da tsakuwa ne. Libiya ta gyara, sansanin ya ci gaba da aiki, har Faransa ta sake komawa ranar 7 ga Janairun 1987 ta harbi na'urorinsa na hangen jirage. Abin da ya gama da Wadi Dum shi ne mayaƙan Hissène Habré a cikin motocin Toyota, ƙarƙashin Hassan Djamous, waɗanda suka ƙwace shi ranar 22 ga Maris 1987, suka tarar da jirage a ajiye.

Saboda haka mu a ganinmu jirgin da ya ƙone ya fi rami goma a titi muhimmanci, domin ba a cike shi da tsakuwa. Sai dai shi ma akwai tambaya. Da yawa daga filayen jiragen Afirka suna da kusurwar da aka jibge matattun jirage, ba inji, ba taya, shekara da shekaru. In aka ƙone su, a hoto asara ce, a yaƙi kuwa ba komai ba ce. Maganin wannan shi ne a nemi hoton wata uku ko shekara kafin harin. Jirgin da bai taɓa gusawa daga inda yake ba, gawa ce tun da can. Akwai kuma yaudara da gangan: a 2023 an ga Rasha ta zana siffar manyan jiragenta da fenti a daɓen sansanin Engels. Inuwa ce ta tona asiri, domin zane ba ya da inuwa. Jirgin da ke cikin rumfa kuma, ko ya mutu ko yana da rai, rufi kawai tauraro ke gani.

Ƙarfin idon tauraron ma ba ɗaya ba ne. Lokacin da Faransa ta harba tauraronta SPOT na farko, ranar 22 ga Fabrairun 1986, kwana shida bayan harin Wadi Dum, kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, wato jirgin yaƙi guda bai wuce ɗigo biyu ba. Mafi kyawun hotunan da kamfanoni suka riƙa sayarwa a lokacin yaƙin Hartum ɗigonsu santimita 30 ne, ana ganin fiffike da wutsiya. Waɗanda ake ɗauka kullum kuwa wajen mita 3 ne, tabon ƙuna kawai suke nunawa. Idan aka miƙo muku hoto dishi-dishi an ce ga samfurin jirgi har da lambarsa, ku tambayi mai wayar inda ya samo. Ku tambayi ranar da aka ɗauka kuma, don tsohon hoto ba ya jin kunyar sake fitowa a sabon yaƙi.

Ko da hoto mai kyau, lissafin masu yaƙi daban yake da na masu ƙirga. A harin da Yukiren ta kai wa sansanonin Rasha da ƙananan jirage marasa matuƙi ranar 1 ga Yunin 2025, ta ce ta sami jirage 41. Waɗanda hotunan sama suka nuna sun ƙone ba su kai rabin haka ba. Ba lallai ƙarya aka yi ba, domin jirgin da ɓaraguzai suka huda yana iya zama kamar lafiyayye daga sama alhali ba zai sake tashi ba.

Mu koma kan Alhajinmu. Titin Hartum lafiyayye ne a hoto, amma hoto ba ya nuna wanda ke riƙe da hasumiya, ba ya nuna bindigar da ke jiran duk jirgin da ya sauko. Alama ɗaya ta isa: ƙasashen Turai da suka kwashe mutanensu ta sama a ƙarshen Afrilu ba su yi amfani da wannan fili ba, sansanin Wadi Sayyidna da ke arewa da Omdurman suka bi. Ɗaliban Nijeriya da yawa ta mota aka fitar da su, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Port Sudan. Alhaji ya ce wa yaron ya bi ayari, Allah kuma ya kawo shi gida lafiya. Filin da aka ce zai buɗe bayan Salla, sai ranar 26 ga Maris 2025 sojojin Sudan suka karɓe shi.

Wata 'yar jan kunne ga samarinmu, tunda mun san wasu za su ɗauki wannan karatu da zafi. Sansanin sojan sama na 201 yana nan maƙwabtaka da mu, jikin filin jirgin Duwala. Ɗaukar hoton wurin soja haramun ne a ƙasar nan, kuma ɗan unguwar Hausawa da aka kama da irin wannan hoto a wayarsa zai sha tambayoyin da ba za a yi wa wani ba. Ku gane jirgi da ido in ya gifta, ku bar wayar a aljihu.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.